Marsandi a Rairayin Dallol

A Dogon Dutsi babu wanda ya kai marar mota sanin mota. Da na ambata a fadarmu cewa ɗaukar adashi ta zo kaina, ga kuɗin dankalin rani sun shigo, kuma ina shawarar sayen mota, ba a kai ga zubin shayi na biyu ba sai da fada ta rabu gida uku. Duk zaman nan mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe sitiyari. Sauran daga mai Kasea sai mai keke, sai wanda ƙafarsa ce abin hawansa, shi ne kuma ya fi kowa ɗaga murya.

'Yan Toyota su suka fi yawa. Suka ce in je Yamai in tsaya bakin titi in dubi taksi masu jan kai, in gani ko akwai abin da ya kai Starlet da Corolla yawa. Motar da ke wuni tana jigilar fasinja a zafin watan Afrilu, ta kwana ta tashi ta koma, ai ba a tambayar lafiyarta. Mai kaɗan take sha, kayan gyaranta kuwa har a teburin mai faci ana samu. Suka tsayar mini da Corolla ɗin nan da ake kira Drogba.

Gida na biyu mutum ɗaya ne tak, Baba direba, mai tsohuwar Peugeot 504 akori-kura da ke bin kasuwannin ƙauye tun ina firamare. Shi hujjarsa Kaduna. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a can, an shekara da shekaru ana fitar da 504, don haka daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi babu kasuwar tsofaffin kayan mota da za ka rasa nata. Ya kurɓi shayi, ya dube ni ya ce, "Mushe, danginka duk cikin dallol suke. In za ka sayi mota, duƙa ka dubi cikinta. Wadda cikinta ya yi ƙasa, ta birni ta."

Gida na uku ni ne da zuciyata. Na tashi a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa garinmu ta nufi Konni da Maraɗi, ina kallon manya suna tsayawa sayen nama. Gudun motocinsu bai taɓa burge ni ba. Abin da ya zauna mini a rai ƙarar rufe ƙofa ce. Ƙofar Mercedes 190 in aka rufe ta, gim take cewa, sau ɗaya, kowa ya juyo.

Farkon 2023 na shiga bas na nufi Yamai. Lokacin gadar Gaya da Malanbil a buɗe take, motocin Turai na hannu suna tahowa daga tashar jiragen ruwan Kotonu jere-jere, filayen dillalai cike. Don cika alkawarin fada na fara tambayar Drogba. Dillali ya faɗi kuɗi. Nan take na gano cewa dama can siffarta ba ta taɓa yi mini ba. Sai ya ja ni can ƙurya, ya sa hannun riga ya share ƙura daga kan wata 190 ruwan toka, ya rantse cewa ta wata tsohuwar likita ce Bajamushiya, daga gida sai asibiti, ranar Lahadi coci. Tun 1993 Jamusawa suka daina ƙera irinta, amma wannan bai dame ni ba. Abin da ya shekara talatin yana yawo a duniya ai ya gama fitar da mugun halinsa. Na tuna maganar Baba na fara duƙawa, sai dai sabuwar shadda ce a jikina, ban kai ƙasa ba. Na buɗe ƙofa, na rufe. Na ƙirga kuɗi.

Da yara suka wanke ta a gida, daga ƙarƙashin kujerar baya suka zaƙulo ɓawon gyaɗa, kashin awaki, da wani tsohon tikitin tashar Paraku. Mai ɗakina ta jera su a tire ta kawo mini ba tare da ta ce uffan ba. Na ce mata likitoci ma suna kiwo.

Kowace mota da halinta, ita ma ba a rasa ba. Agogon kilomita yana kan lambar da na same shi har yau, alamar ba ta tsufa a hannuna. Allurar mai kullum tana tsakiya, ko an cika ko an ƙafe. Ƙofofin baya daga waje kawai suke buɗuwa, duk wanda na ɗauko sai na fita na zagayo na buɗe masa, har aka soma yabon ladabina a gari.

Lissafin mai kuwa a kan ruwa-ruwa na gina shi. Mu da ke dab da iyakar jihar Kebbi, wa zai je gidan mai ya biya sefa 540 a lita, ga kwalabe jere a bakin hanya, man Najeriya da ake shigowa da shi a bayan babur, da araha? Ban gama sabawa da giya ba aka janye tallafin mai a Najeriya, ranar 29 ga Mayun 2023. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kwalba ta koma ta fi gidan mai tsada. Marsandi kuwa ba ta sauraron labarai, yadda ta saba sha haka ta ci gaba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ba a faɗa mini a fada ba shi ne, ranar da mutum ya sayi mota a Arewa, ranar ya zama direban dangi. Naƙudar tsakar dare, ni. Gaisuwar mutuwa a Matankari, ni. Ragon suna da za a kai Kiyeshe, ni, shi a kujerar baya, mai shi a gaba. Babu mai tambayar nawa lita. In an sauka sai a ɗaga hannu a sa mini albarka, mai kwalba kuwa ba ya karɓar albarka.

Sai ga ɗaurin auren ɗan ƙanwar mahaifiyata, a wani ƙauye gaba da Tibiri, in ka saki hanyar Dumega ka shiga dallol. Kawu ne wakilin ango, sadaki na aljihunsa, goro da dabino na but ɗina. Ya hakimce a gaba cikin farar babbar riga mai aska. A baya akwai Goggo, da dattawa biyu, da wani maroƙi da ban san lokacin da ya shiga ba.

Daga Dutsi zuwa Kore Mairuwa kwalta ce, a nan kuma motata ta nuna asalinta. Ko ruwa ka ɗora a kofi ba zai zube ba. Muka tarar da akori-kurar Baba tana rarrafe, buhuna sun yi tozo, mutane sun hau kan buhuna. Na wuce shi, na danna masa oda sau biyu, don zumunci. Da muka karkata kudu muka saki kwalta, gargada ta soma, wani abu a ƙarƙashinmu ya fara ƙwanƙwasa. Na ƙara muryar rediyo, ya daina.

Dokar rairayi uku ce, duk na san su: ka rage iskar taya, ka riƙe giya ta biyu, kada ka kuskura ka tsaya. Biyun farko na cika su. Muna tsakiyar wani rairayi fari sol, mota na ninƙaya tana tafiya abinta, sai wani tsoho da ke zaune gindin gawo ya ɗaga sanda. Kawu ya dafa gwiwata. "Tsaya mu gaisa, wanga abokin tsohonka na."

Na ce, "Kawu, rairayi ne."

Ya ce, "Rairai ya hana gaisuwa?"

Na taka birki. Aka tambayi gida, aka tambayi ɗiya, aka tambayi gajiya, sanyi, bisashe, da ciwon ƙafar wata tsohuwa da ta rasu bara, aka yi mata addu'a. Da aka shafa na saki kuloci. Ita 190 tayoyin baya ke tura ta, sai suka hau haƙa. Na ƙara wuta, suka ƙara haƙa. Kafin in ankara ta zauna daram a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai. A shaida dai, ba motar ce ta tsaya ba, tsayar da ita aka yi.

Na fita na buɗe wa na baya. Muka karyo rassan sabara muka cusa ƙarƙashin taya, Goggo ta sadaukar da tabarmarta. Dattawa suka tattare riguna suka dafa but. Maroƙi ya ce shi aikinsa baki ne, ya koma gefe yana yi wa masu turi kirari, yana ambaton kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tsaya daidai bayan tayar dama yana ba da umarni. Na ba ta wuta. Tabarmar Goggo ta fita ta baya a guje, rairayi ya biyo ta, farar rigar Kawu ta koma ruwan ƙasa tun daga hula. Tsohon da aka tsaya dominsa bai motsa ba. Ya dai ce tun safe mu ne na uku.

Can sai ga ƙugin 504. Tana tafe tana rangaji, cikinta a sama, buhuna na lilo. Na ɗaga hannu. Baba ya leƙo ta taga, ko kusa da birki ƙafarsa ba ta je ba. "Ba ni tsayawa cikin rairai, Mushe! Mai sadaki shi biyo ni da gudu!" Ban taɓa sanin Kawu na da sauran gudu ba sai ran nan. Ya naɗe riga a kafaɗa, ya dafe aljihu, takalmi ɗaya ya zauna a baya, samarin kan buhuna suka cafe shi ta hammata suka ɗaga. Sai da ƙurarsu ta lafa Goggo ta tambaya wa zai ɗaura aure ba goro.

Wani yaro mai amalanken shanu ne ya cece mu. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashi, abin da ni ban yi ba a Yamai, ya ce jika uku. Na ce ɗaya. Ya dubi rana, ya dubi shaddata, ya ce jika uku da goro goma. Ya kwance bijimansa biyu, aka ɗaura igiya, ya daka musu tsawa. Mota ta yi wani nishi ta fito, salansa kuma ta zauna inda take, ashe ita ce mai ƙwanƙwasar nan. Muka ɗauke ta muka sa wa Goggo a cinya. Na ce a kwance igiya, yaro ya ce rairayin nan har ƙofar masallaci ya kai, in na ga dama in gwada.

Haka muka shiga gari. Bijimai biyu a gaba, ni a sitiyari na ɗaga gilashi, maroƙi ya sauka yana tafe gabanmu, hannu a kunne: "Ku kauce, ga wanda motarsa ba ta shiga gari sai da 'yan rakiya! Na wasu mai suke sha, tasa sai an yi mata zagi!" Yara suka biyo mu, mata suka leƙo ta kan darni suka rangaɗa guɗa. Jama'ar da ta gaji da jiran goro ta miƙe tsaye. Daga baya na ji ashe dangin amarya sun ɗauka shiri ne, wata sabuwar al'adar 'yan boko. Na fito a hankali, na gyara hula, na rufe ƙofa. Gim. Wallahi har liman sai da ya juyo. Maroƙi ya karɓi jika biyu, ban kuma ce bai ci guminsa ba.

Bayani dai kowa da nasa. Goggo ta ce mun wuce wani gawo ba mu yi sallama ba, masu wurin ne suka riƙe taya, a ƙasar bori kuwa ba a musu da Goggo a kan wannan. Kawu ya ce a ɗauko dillalin a kai shi Lugu, garin Sarauniya, gaban dutsen Tunguma, ya maimaita zancen likita Bajamushiya in ya isa. Na kira lambarsa, wata mata ta ɗauka ta ce ita waina take sayarwa.

Makanike ne ya kawo nasa bayanin da takardar kuɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, salansar 190 kuwa ko a da ba a teburin mai faci ake samunta ba. Ya yanko ta wata Corolla da ta yi haɗari ya yi mata walda, ya nemo wasu robobi daga gawar wata 504 ya cusa a ƙafafun baya don ciki ya ɗan ɗaga. Yanzu a fada 'yan Toyota na cewa da numfashinsu take yawo, Baba na cewa da ƙafarsa take tsaye. Ni ban tanka musu, ƙofa dai ba ta kowa ba ce. Da aka rage lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024 na zagaya gari da ita har sau biyu. A ƙarancin man watan Maris na 2025 kuwa, lokacin da masu Drogba ke kwana a layi, tawa ta fi kowace mota a unguwa kwanciyar hankali, don dama tana jiran batir.

Shekaranjiya da magariba Kawu ya yi sallama. Ya ce akwai armen jikan amininsa ranar Asabar, kuma dangin ango sun roƙi a yi musu irin shigar da munka yi waccan rana. Na tambayi garin, ya faɗa. Na ce, "Kawu, ai wannan a bakin kwalta yake, babu rairayi ko na cika hula."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ce ma mai shanu shi jira mu bakin gari. Kai dai wanke mota."

Na ce, "Kuɗin shanun fa, wa zai biya?"

Ya tsaya da neman takalminsa, ya dube ni da mamaki. "Wa ke da mota?"