Aljanin Bature

Ranar da na cike fom ɗin digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe, ko a jikina. Hausa a nono na sha ta, wace jarrabawar shiga ce za ta kaɗa mini hanji? Sai da wani abokina ya kawo mini tsofaffin takardun tambayoyi. Tambaya ta farko cewa ta yi a sa wa kalmomi alamar karin sauti: na sama, na ƙasa da mai faɗowa. Bakina ya san bambancin kukan jariri da kukar miya, amma da aka ce in nuna inda murya ta hau da inda ta sauka, sai kunnena ya yi yaji.

Abokin ya ce abin da sauƙi, in riƙa yin fito da kalmar, karin zai fito da kansa. Shawara mai kyau, sai dai da rana ina wurin aiki, karatun dare nake yi. Kowa kuwa ya san abin da Bahaushe ya ce fiton dare yana kirawowa. Ga ni ƙarfe biyu na dare, na buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda nauyinsa ya isa a danne buhun gero, ina bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya da fito. In na gaji, sai in koma gaban madubi, hannu a maƙogwaro, ina "ɓa, ɗa, ƙa, tsa" don in ji yadda yake hawa da sauka.

Daga nan na shiga azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Ina zagaya tsakar gida ina haddar "saya, saye, sayar, sayo, sayu". Washegari na nemi keken ɗinkin matata na rasa. Ashe ta kai shi ajiya gidan maƙwabta.

Babban tashin hankalin ya zo ne da surukata ta iso daga Sakkwato. A lokacin ina kan dokar Klingenheben, Bajamushen nan da ya bayyana yadda baƙin ƙarshen gaɓa ke rikiɗewa, har Bakano ke cewa "zauna" da "sauro" a inda Basakkwace ya tsaya kan "zamna" da "sabro". Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Zamna mana, ɗana." Murna ta kama ni. Na ce, "Inna, don Allah maimaita! Ai ke ce tsohon yayin da littafi yake magana a kai, tun kafin komai ya canja." Ta ajiye kofin fura, ta dubi 'yarta, ba ta ƙara tanka mini ba.

Hajiyarmu dai ta gama haɗa lissafinta: fiton dare, shaƙe wuya a gaban madubi, ga zagin suruka. Bayan isha'i sai ga malami da turarensa da tasbaha. Na fara bayanin cewa jarrabawa ce, Hajiya ta ce, "Rufe mini baki, ba da kai ake magana ba." Malam ya dafa kaina ya tambaya ko ina ambaton wani suna cikin barci. Matata ta ce akwai ɗaya mai tsawo, kullum da shi nake kwana.

"Kai, faɗi sunanka!" in ji Malam.

Na ce, "Allah gafarta Malam, Klingenheben take nufi."

Malam ya janye hannunsa, ya gyara zama, ya dubi Hajiya.

"Hajiya, wannan Bature ne. Irinsu ba sa jin Hausa, aikin zai ɗan ƙara kuɗi."