Hirar Bayan Misa: Mu da Maƙoƙo

Mu 'yan cocin Kafanchan ba a fin mu ido. Amarya ta shigo ranar Lahadi tana jan ƙafa, kafin a kai karatu na biyu matan Zumunta sun gama ƙirga watannin cikinta. Wani ya sa sabon takalmi alhali bai biya kuɗin ginin gidan Fada ba, an gani, kuma maganarsa za ta tashi a gindin mangwaro da zarar an sallame mu. Wanda ya daina fita karɓar Jibin Ubangiji, mun san tun yaushe, mun san dalili, in ma ba mu sani ba sai mu ƙera masa ɗaya. Amma akwai abin da yake zaune ƙiri-ƙiri a ƙasan haɓar mutum, kowa ya gan shi, kowa ya kau da kai. Maƙoƙo ke nan.

Mai shi ma tana taya mu kau da kan. Ta naɗa gyale ko da ana zafin Maris, ta sayi sarƙa mai faɗi, ta ce wa tela ya ɗaga mata wuyan riga. In kana son sanin masu maƙoƙo a unguwa, daga Takau har Garaje, ka tambayi telolin da ke ɗinka ankon Zumunta, sun fi malaman asibiti lissafi. Mu kuwa sai bayan ta wuce bakinmu ke buɗewa. "Ai gadonsu ne, haka kakarta ta tafi da shi." Wata ta ce, "Ke dai bari, hannu aka sa mata, tun rikicin gonar nan." Wata ta ɗora wa rijiyar gidan miji. Maza a rumfar burkutu nasu bayanin daban, kuma ba duka ne zai shiga takarda ba.

Abin dariyar shi ne, a duk garin nan babu waɗanda suka kai mu Katolika kula da maƙogwaro. Ran 2 ga Fabrairu a tsarkake kyandir, washegari 3 ga wata ranar Waliyi Bilez ce, Fada ya haɗa kyandir biyu ya gicciya su, ya kara a wuyan kowa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon Allah ya tsare shi daga ciwon maƙogwaro. Lokacin kuwa hunturu bai gama tafiya ba, ƙura ta shaƙe kowa, rabin coci tari ake. Layi har waje. Mutumin da ba ka gani sai Kirsimeti da Ista, ranar nan yana sahun gaba da 'ya'yansa. A safiya ɗaya Fada yakan ga wuyan mutane da yawansu ya fi wanda likita zai duba a wata guda, kuma kusa-kusa yake gani, gyale a sauke. Sai mu ce amin, mu mai da gyale, mu tafi gida.

Ni ban raina addu'ar nan ba, ina bin layin kamar kowa. Sai dai labarin da Ikklisiya ta gada game da Waliyi Bilez ya ce likita ne kafin ya zama bishop a Sebaste, can ƙasar Armeniya ta dā, a ƙarni na 4, kuma an san shi ne da ceton wani yaro da ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya. Mutumin da ya san aikin magani, da wuya ya ji daɗin ganin mun karɓi albarkarsa shekara goma a jere da kumburi ɗaya ba mu taɓa nuna wa kowa ba.

Kowane faris yana da Mama Nas tasa, wadda ta yi ritaya daga asibiti amma ba ta yi ritaya daga faɗa ba. Tamu in ta kama ki a bakin ƙofa, sai ta ce, "'Yar'uwa, zo nan, haɗiye yawu in gani." Ki haɗiya, kumburin ya yi sama ya dawo, ta girgiza kai. Daga bakinta yawancinmu muka fara jin cewa a gaban wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod, kuma aikinta tamkar na mai iza wuta a murhu ne: in ta iza da yawa jiki ya ƙone, in ta yi sanyin hannu komai ya ƙi dahuwa. Bugun zuciya, ɗumin jiki, nauyi, al'adar mata, girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, duk da hannunta a ciki. Abin da take aiki da shi kuwa sinadarin aidin ne. Ba wani mai yawa ba: babban mutum maikirogiram 150 yake bukata a rana, mai ciki ko mai shayarwa 250, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. In ta rasa shi sai ta dinga kumbura don ta kamo ɗan abin da ke yawo a jini, har ta fito fili.

To a ina za mu samu? Aidin a teku ya fi yawa, mu kuwa ina mu ina teku. Ƙasarmu ta tudu ce, ga Dutsen Kagoro a kanmu, ga tsaunukan Filato a gabas, ga ruwan sama mai ƙarfi da ya shekara dubbai yana wanke ƙasa yana gangarawa da abin da ke cikinta. Accar da muke taƙama da ita, da dawa, da doya, abin da ƙasa ta ba su shi za su ba mu. Shi ya sa tsofaffinmu suka tashi suna ganin maƙoƙo a ƙauyukan kan dutse har suka ɗauka halitta ce. Gida ɗaya, gona ɗaya, tukunya ɗaya, uwa ta yi, 'ya ta yi, dole a ce gado.

Ga kuma rogo. Mai ɗacin nan yana da guba, wadda in ta shiga jiki takan koma wani sinadari da ke tare wa tayirod hanyar ɗaukar aidin. Iyayenmu mata sun san maganin abin tun kafin a zo da bayanin likita: a ɓare, a jiƙa kwana uku ko huɗu, a shanya ya bushe sarai. Yanzu da kowa ke sauri, kasuwa na jira, kuɗin makaranta na jira, sai a jiƙa yau a tsame gobe a kai alabo kasuwa. Mu kuma mu saya muna yabon farinsa.

Gwamnati dai ta yi nata, a faɗi gaskiya. A 1993, lokacin da bincike ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba a Najeriya suna da maƙoƙo, aka kafa dokar cewa duk gishirin ci sai an sa masa aidin, miligiram 50 a kowane kilo tun daga masana'anta. Zamanin da Dora Akunyili take riƙe da NAFDAC, daga 2001, aka matsa wa masu gishiri lamba sosai, har a 2005 Najeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da aka shaida ta cika sharaɗin. Ku duba yaran da ke ajin katikisma yau, ku tuna da wuyan tsofaffin da muka taso muka tarar, za ku san dokar nan ta yi aiki.

Saura namu. Mu ne za mu tsallake gishirin leda mai hatimi, mu je wurin mai faranti a tsakiyar kasuwa, wanda ya juye buhu a rana tun safe, mu ce a auna mana gwangwani biyu a yi gyara. Daga wane buhu ya fito, na mutane ne ko na shanu, ba mu tambaya. A gida kuma mu zuba shi a buɗaɗɗen kwano kusa da murhu, tururi na dukansa, damina ta zo ya jiƙe. Aidin kuwa ba ya jure rana da laima, a hankali yake gudu ya bar mana farin gishiri kawai. Akwai kuma masu cewa sai na gargajiya, irin na Keana ko Awe da ake dafawa a Nasarawa, ko manda, wai ya fi ɗanɗano a miyar karkashi. Ya fi ɗin, ban musa ba. Amma wanda aka dafa a gida aka kawo kai tsaye, ba wanda ya tsaya sa masa komai. Kada kuma wani ya ji wannan ya je ya ƙara hannu a miya, don hawan jini ya riga ya cika mana benci. Ƙasa da giram 5 a rana aka ce, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Gishirin ne za a gyara, ba yawansa ba.

Wurin da muka fi yin ɓarna ma ba nan ba ne. Ciwon tayirod ba duka ne na rashin aidin ba, kuma ba duka ne ke fitowa da babban kumburi ba. Akwai matar da za ka ga tana ci kamar me amma tana zubewa, hannu na rawa har littafin waƙa ba ya tsayuwa, zuciya na dukan uku-uku, gumi ko da sanyin Disamba, ido ya firfito. Me muke cewa? Mu matsa gefe a benci, mu raɗa wa juna sunan ciwon da ba a faɗa da ƙarfi. Wasu su ce mayu sun kama kurwarta. Ita kuma ta yi ta zarya wurin mai kemis, yau taifod, gobe maleriya, jibi taifod da maleriya a haɗe, har allura ta ƙare mata wuri. Alhali wutar ce aka iza fiye da kima, kuma akwai ƙwayar da ke rage ta, irin su kabimazol.

Ɗayar kuma akasin haka. Jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura, fata ta bushe, gashi na kakkaryewa, ciki ya ɗaure, tana sanye da suwaita ana tsakiyar bazara. Fada na wa'azi tana gyangyaɗi, mu zunguri juna. A gida uwar miji ta ce, "Wannan yarinya ragguwa ce, ci da barci kawai." In ciki ya yi ta zubewa ko ya ƙi samuwa, nan fa magana ta girma, a yi novena, a yi azumi, dangin miji su fara kallon wata. Sau nawa aka raba aure a kan abin da gwajin jini ɗaya, wanda ake kira TSH, zai iya nunawa? Maganinsa 'yar ƙwaya ce, lebotairoksin, kullum da safe kafin a ci komai, galibi har iyakar rai. Mata ne abin ya fi kamawa nesa ba kusa ba, su ne kuma muka fi saurin yanke wa hukunci.

Tsohon maƙoƙo da ya riga ya yi girma, gishiri ba zai mai da shi ba, kuma shafa masa toka ko tsaga shi da aska sai ƙarin wahala. Wani a bar shi ana dubawa, wani sai fiɗa. Da an ambaci fiɗa kuwa sai ka ji, "Wuya fa! In an yanka ba a tashi." Wata 'yar Zumunta ta ce ita ba mutuwar take tsoro ba, muryarta take ji, wa zai ja waƙa ranar bikin godiya? Tsoronta da tushe, don jijiyar murya a nan kusa take bi, kuma abin tambaya ne a gaban likita ba tare da kunya ba. Amma aiki ne da ake yi a Shika, a Jos, a Kaduna, mutane na dawowa da ɗan tabo a wuya su ci gaba da harkarsu. Wanda bai kamata a kwana da shi ba shi ne kumburi mai tauri, ko mai saurin girma, ko wanda ya dushe murya, ya hana haɗiya ko numfashi in an kwanta. Wannan a fara da asibitin Yakowa a nan gari ko St. Louis a Zonkwa, su san inda za su tura mutum.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki daga Kachia har Jaba, aljihun kowa a huje yake. Amma mu ɗin nan fa, tun da aka yanke mana Dayosis ɗinmu a 1995, zamanin marigayi Bishop Joseph Bagobiri har zuwa Bishop Julius Kundi da ya hau a 2020, wane gini ne ba mu tayar da kuɗin baiko da na bazar ba? A yi gwanjon akuya ɗaya sau huɗu a rana guda, kowa na tafi. In mutum ya mutu kuwa, nan ake ganin ƙarfinmu: akwati, rumfa, kujeru, abinci, riga mai hotonsa, kowace ƙungiya da nata kason a rubuce. Yana da rai yana neman kuɗin gwajin jini, abin da yake samu a wurinmu shi ne "Allah ya sawwaƙe." Littafin gudummawarmu yana da shafin biki da shafin makoki, babu shafin asibiti.

Mama Nas ta kawo shawara a taro. Ta ce ba ta neman komai sai tebur ɗaya da benci a gindin mangwaro ranar Waliyi Bilez, duk wanda ya fito daga layin Fada ya biyo ta wurinta, ya kurɓi ruwa ta kalli wuyansa. Kowace mace kuma ta ƙunso gishirin gidanta a takarda, akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa, in da aidin ya koma shuɗi, in babu ya zauna fari. Ta ce in ranar ta yi cunkoso a mai da shi 11 ga Fabrairu, ranar masu ciwo, ko 25 ga Mayu da duniya ta ware wa tayirod. Ta ƙara da cewa a gaya wa maƙwabtanmu Musulmi su ma su zo, tunda faranti ɗaya ake aunar mana gishiri, kuma hijabi ya fi gyale iya rufi.

Baba Katikis ya ce, "Mama, magana ce mai kyau, amma sai ta bi ta majalisar faris." Shugaban maza ya ce su za su kawo tebur in mata za su kawo ruwa. Matasa suka ce a ba su aikin lasifika. Uwar Zumunta ta gyara zama ta ce, "To 'yan'uwa, ranar da anko za a fito ko kowa da kayansa?" Nan aka tsaya. Masu son kore suka ja, masu son ruwan goro suka ja, wata ta tuna cewa kuɗin ankon bara ma akwai waɗanda ba su cika ba, aka ɗauko littafi aka fara kiran suna. An kafa kwamitin mutum bakwai, kuma an ce su kawo rahoto bayan Ista.