Jinjina ga Masu Kulle Waƙa a Adaka

Allah ya ƙara wa attajiranmu na Sakkwato buɗi, musamman masu sabuwar sha'awar tara tsofaffin waƙoƙi. Sun ji Turawan Ingila na zuba dukiya kan bugun farko na Lyrical Ballads, littafin waƙoƙin Wordsworth da Coleridge na 1798, suka ce ai mu ma da namu. Har sun fi Turawan. Wancan littafi an sake buga shi ba adadi, kowane ɗalibi na iya samu. Namu kuwa rubutun hannu ne na ajami, wata waƙar ma kwafi ɗaya ya rage, kuma yana adakar Alhaji da kwaɗo biyu. Wannan ita ce mallaka!

Dubi iya ciniki. A jira a yi sadakar arba'in ɗin malam, a tarar da magada cikin matsi, a sa su fito da gafaka. Ga takardu warwara, irin na Italiya masu tambarin jinjirin wata uku, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja. Ba a ɓata lokaci wajen tambayar wa ya wallafa, wa ya kwafa. A tsince shafuka masu ado, a bar wa marayu sauran, waƙa ɗaya ta rabu gida biyu. Madalla da idon basira.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, Allah ya jiƙanta, ba ta san wannan dabara ba. Ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa wa kowace jaji, wato jagorar mata masu koyarwa, malafa, 'Yan Taru, ɗalibanta mata, suka kai waƙoƙin ƙauyuka ana rera wa mata har su haddace. Waziri Junaidu ma ya buɗe wa masu bincike taskarsa, har Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Ka ji asara! Da sun kulle, da yanzu farashi ya ninka.

Ɗalibi ya taso daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ce masa Alhaji ya yi tafiya. Gara da ɗanshin damina kaɗai ke shiga ba iso.

Alhaji, don girman Allah, ba wanda ya ce ka rabu da kayanka. Hukumar tarihi ta Waziri Junaidu na nan cikin gari. Ka bari a ɗauki hoton takardun nan shafi-shafi tun ana iya karanta su, ka riƙe asalin.