Akuyar Matata da Kafet ɗin Alhaji

A Kademi ba a karɓar kuɗin ko-ta-kwana a hannun ɗan haya. Wannan ɗabi'ar Legas ce da Abuja, inda mai gida ke riƙe wasu kuɗi daban, ran da za ka tashi ya zagaya da kai lungu-lungu yana zaftarewa. A Ingila har doka suka yi a 2019, cewa a yawancin gidaje abin da za a riƙe kada ya wuce kuɗin hayar mako biyar. Mu kuwa nan gabashin Kano, ka biya na shekara, a shafa fatiha, a miƙa maka makulli. Ba takarda, ba sa hannu, ba mai rubuta abin da ka tarar a ɗaki.

Haka na shiga gidan wani Alhaji lokacin da aka turo ni koyarwa daga Gaya. Ciki da falo ne da ɗan tsakar gida. A falon akwai jan kafet mai geza, shimfiɗe daga bango zuwa bango. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya ce, "Malam, ba kowa nake bar wa wannan ba. Daga Makka na taho da shi, shekarar da na sauke farali. Don na ga kai mai ilimi ne." Na yi godiya har da rusunawa. Tsakiyar kafet ɗin ta riga ta koɗe, ga tabon garwashin turaren wuta nan da can, amma wa zai tsaya ƙirga tabo a gaban mutumin da ya kira shi mai ilimi?

Matata ta tare da kayanta, da yara, da akuya. Ja ce, irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda tun zamanin ayari ake kai fatarta Arewacin Afirka har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce. Surukata ce ta ba ta ranar sunan ɗanmu na fari. Dokar gidanmu game da wannan akuya a bayyane take tun farko: in ta haihu ta matata ce, in ta yi ɓarna tawa ce.

Da shuka ta tsiro, mai shela ya zaga gari cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, don gero da dawa da gyaɗa ba na wasa ba ne a ƙasar Gaya. Muka yi mata turke a ƙarƙashin wata rumfar kara. Cikin watan Agusta, wani dare aka tsuge da ruwa da iska, rumfa ta kwanta. Akuya ga tsohon ciki, tana ta kuka.

"Malam, kana ji fa," in ji matata. "Baiwar Allah ce. In sanyi ya kama ta, me zan ce wa Inna?"

Na ce a kai ta kicin. Ta ce kicin na yoyo. Na ce to soro. Ta ce ɓarayi. Daga ƙarshe ni da kaina, da fitila a baki, na jawo ta cikin falo, bisa sharaɗin kwana ɗaya tak.

Da asuba muka tarar ta haihu, 'yan biyu, a daidai tsakiyar tsarabar Makka. Matata ta rangaɗa guɗa, ta ce mai jego ba ta fita cikin raɓa. Ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa, mai gyaran rumfa yana gona. Kafin a sake kafa turke, mai jego ta cinye gezar gabas kaf, ta soma ta kudu, 'ya'yanta kuma sun koyi sana'ar. Na fitsari ba zan yi dogon bayani ba. Turaren wuta ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Sai na shiga dabara. Inda ya huje na ɗora kujera. Inda geza ta ƙare na jera buhunan gero. Tebur ya koma kusurwa, akwatin littattafai ya rufe wajen haihuwa, har falon ya koma kamar rumfar dillalin gwanjo. In Alhaji ya zo gaisuwa sai in yi maza in shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Wata rana ma ya yaba mini a masallaci, ya ce tun da yake ba da haya bai taɓa ganin wanda ke girmama kafet irina ba, ko baƙo ba na bari ya taka.

Asiri ya tonu ne ranar da takardar canjin wurin aiki ta mayar da ni Ajingi. Na ɗauko a-kori-kura da sassafe, da niyyar in aika wa Alhaji makulli ta hannun yaro. Ashe shi ma ya yi sammako don ya yi mana addu'ar tafiya. Yana tsaye aka ɗaga kujera, rami ya bayyana. Ya yi salati. Aka ɗauke buhun gero, ya sake salati. Da aka janye akwatin littattafai, salatin ma ya maƙale, sai ya zauna a dokin ƙofa.

"Alhaji, ɓerayen garin nan ba su da tsoron Allah," in ji ni.

Bai ce komai ba. Ya juya ya dubi mota. Ga uwar gayya a ɗaure a kan kaya tana tuƙa, jan zare na reto a gefen bakinta.

Kafin hantsi muna zauren Mai Unguwa, Liman na gefe, direba na waje yana danna oda. Alhaji ya shigar da ƙara: sabon kafet irin wannan, a farashin yau na Kantin Kwari, da kuɗin motar Kano zuwa da dawowa, tunda kowa ya san yadda kaya suka tashi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ya ƙara da cewa don zumunci ya yafe kuɗin jirgi daga Jidda.

Ni kuma na gyara zama. Na taɓa ɗan karatun Risala a zaure, kuma na tuna babin da ke cewa ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana kan mai su, ta rana kuwa babu komai a kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan akuya da rana take cinta. Da dare barci take yi."

Liman ya yi murmushi irin na wanda ɗalibi ya kawo masa ɗanyen karatu. Ya ce hukuncin gaskiya ne, asalinsa ma hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib ne da ke cikin Muwaɗɗa, amma a kan gona da lambu ake magana, saboda da rana manomi ne ke tsaron shukarsa, da dare mai dabba ke tsare dabbarsa. "To Malam, Alhaji ne zai zo ya yi gadin falonka da rana? Kuma ita akuyar, da ƙafarta ta buɗe ƙofa?"

Ban kai ga amsa ba, ɗana da ya biyo mu ya ɗaga hannu yadda na koya masa a aji. "Baba ne ya jawo ta. Kuma har da dare tana ci, ina jin ta." Wannan yaro ni na koya masa faɗin gaskiya, ban dai koya masa lokacinta ba.

Liman ya kawo ƙissar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, tsira da aminci su tabbata a gare su, a Suratul Anbiya, kan tumakin da suka shiga gona da dare. Ya ce malaman tafsiri sun ruwaito cewa hukuncin farko shi ne a ba mai gona tumakin. Nan Alhaji ya yi kabbara, ya ce a tsaya a nan, ya gamsu, a sauko masa da akuya. Liman ya ce ai ƙissar ba ta ƙare ba, hukunci na biyu shi aka yaba, kuma shi gyara ya nema, ba ƙwace ba.

Sannan ya warware mana zare da abawa. Ɗan haya amintacce ne a kan abin da ya haya. Abin da ya tsufa don an zauna a kai, ya koɗe, ya suɗe, ba a biyansa, don kuɗin haya ya riga ya ɗauke shi. Abin da sakaci ya jawo kuwa, ko ƙetare iyaka, wannan dole a biya, kuma kwana da akuya a falo ba ya cikin abin da aka saba yi da falo. Alhaji ya gyara hula. Sai Liman ya ƙarasa: abin da za a biya ƙimar kafet ɗin ce ranar da aka lalata shi, da tsufansa da tabonsa, ba kuɗin sabo ba. Ni ma na gyara tawa hular.

A nan na ga hikimar abin, ko da yake a jikina aka gwada ta. Da an ce in sayi sabo, da akuyata ta zama alheri ga Alhaji, kowane mai tsohon kafet a Kademi ya riƙa addu'ar Allah ya kawo masa ɗan haya mai kiwo.

Aka aika a kira dillali. Ya sa aka shimfiɗa gawar a ƙofar zaure, ya zagaya ta, ya shinshina, ya ja da baya. Ya ware ramukan akuya daban, ƙunar turare daban, har ya gano wasu ramuka biyu da ya rantse na ɓera ne, abin da ya ɗan wanke ni daga ƙarya. Da ya juya bayan kafet ɗin, ya sami wani ƙyalle da akuya ta raina. Mai Unguwa ya ce tunda ni ne ɗan boko, in karanta. Na karanta: an yi shi a China. Alhaji ya ce shi dai a Makka ya saya, kuma albarkar wuri ba ta karanta takarda. Dillali ya ce albarka tana nan, amma ba a sa mata farashi. Ya yanke ƙimar da ta yi daidai da kuɗin ɗan akuya matashi, ya karɓi la'ada a wajena, ya zagaya ya karɓa a wajen Alhaji.

Liman ya ba Alhaji zaɓi, tunda ɓarnar ta yi yawa: ko ya riƙe kayansa a biya shi abin da ya ragu, ko ya karɓi ƙima ya bar mini kafet. Ya zaɓi ƙima. Aljihuna kuwa kuɗin mota ne kawai a ciki, don haka aka sauko da ɗaya daga cikin 'yan biyun, namijin, aka miƙa masa igiya. Aka yi fatiha, muka yi musafaha, aka naɗe kafet aka ɗora mini a mota.

Mun fita gari kenan matata ta buɗe baki. "Malam, ɗan akuyar wa ka bayar?"

Na ce ai sulhu aka yi. Ta ce ba da ita aka yi ba, dukiyar mace kuma tata ce, ko Liman bai kai wannan babin ba? Ta ce ita ba ta san wata ƙimar ranar ɓarna ba. Kiwonsa za ta yi har Babbar Sallah, don haka farashin bunsuru ƙosasshe a kasuwar Wudil ranar Juma'ar jajibiri shi zan biya. Na ce mu koma wajen Liman. Ta ce mu je wajen Inna.

Ban je ba. Ina biya duk ƙarshen wata, kuma tana rubutawa a bayan littafin adashi. Duk mai buƙatar jan kafet, sayen Makka, ƙirar China, geza ɓangare biyu, ya neme ni a Ajingi. Ragi kam akwai, amma ya zo da turarensa.