Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga BIOS, Sarkin Ƙofar Kwamfuta

Ranka ya daɗe,

Dalilin wannan takarda shi ne abin da ka sake yi da safiyar nan. An kunna kwamfuta da filashi a jikinta, tambarin kamfani ya fito, daga nan ka tsaya ƙiƙam. Fanka na juyawa, 'yar fitilar filashin na ƙyaftawa, kibod ba ya jin kira, kai kuwa ko uffan. Da aka zare filashin aka sake kunnawa, sai ga Windows ta tashi garau.

Ba wanda ke musun girmanka. Tun 1981 da IBM ta fito da kwamfutarta ta PC kake riƙe da ƙofa. Kai ke fara farkawa, ka duba ma'adana da kibod, sannan ka bi jerin da aka rubuta maka kana neman faifan da za ka miƙa wa ragama. To amma mu dubi yadda kake tantancewar. A tsohon tsarinka, bayit 512 na farkon faifai kawai kake karantawa, in ka ga alamar 55 AA a ƙarshensu, shi ke nan, ka gamsu. Filashi da yawa suna ɗauke da wannan alama tun daga fomat, alhali ba komai a cikinsu sai waƙoƙi da hotunan biki. Sai ka miƙa wa wannan baƙo mulkin na'ura gaba ɗaya, ka bar mutum da baƙin allo da ɗan layi yana ƙyaf-ƙyaf a kusurwa. Wannan ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi ɓaci shi ne maƙalewa tun a kan tambari, inda kake tambayar filashi wane ne shi, ya ba da amsar da ba ka gane ba, kai kuma ka zauna jiran wata amsar har abada.

Za ka ce laifin filashi ne. Na yarda kasuwa cike take da jabu, kuma akwai waɗanda ke zuwa da fuska biyu, suna nuna kansu a matsayin faifan CD da ma'ajiya a lokaci guda. Amma ai saboda marasa gaskiya aka ajiye mai tsaron ƙofa. Za ka ce dole ka leƙa USB, don ta nan ake sa sabuwar Windows ko Linux. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce kada ka leƙa. Ka leƙa, ka ƙirga daƙiƙa goma, ka wuce. Ƙirga goma ne ya gagare ka? A zamanin faifan filofi, in an manta shi a ciki, rubutu kake fitarwa ka ce wannan faifan ba na tashi ba ne, a cire a danna kowane madanni. Wato da can kana da baki. USB ya zo tun 1996, filashi ya shiga kasuwa a 2000, kuma har yau ba ka koyi jimla ɗaya da za ka faɗa a kansu ba.

Maganin naka ma wani wulaƙancin ne. A danna F2, ko Del, ko Esc, ko F10, kowane kamfani da nasa, cikin ƙiftawar ido, don a shiga fadarka a mai da faifan ciki kan gaba a jeri. In bai yi ba, a kashe Legacy USB, wanda a tsofaffin na'urori yakan tafi da kibod ɗin USB, shi ne kuma hanyar dawowa wurinka. A gwada ramin USB na baya, a kwashe kaya a sake fomat. Bayan duk wannan, ranar da ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, ka manta komai har da kwanan wata. Magajinka UEFI ya zo da hotuna da linzami, halin jiran nan kuma bai rabu da wasu na'urorinsa ba.

Na san abin da ya rage a bakinka: a sabunta ka. Sabuntawar da in wuta ta ɗauke ana tsakiyarta, allon uwa na iya mutuwa murus. Wannan shawara kake ba mai shagon buga takardu da ke aiki da janareta, man ciki saura kaɗan, ɗalibai sun yi layi kowa da filashinsa a hannu? Ka fara koyon ƙirga goma tukuna.