Gwamna Lugga, Tudun Wada Na Godiya

Mu mutanen Tudun Wadan Zariya butulci ya yi mana katutu, kuma yau sai na faɗa. Ka taso daga Ƙofar Doka ka miƙe har Agoro, ka leƙa Kwango, ka dawo ta kasuwa, ka tambayi duk wanda ka tarar a teburin mai shayi ko wane ne Gwamna Lugga. Mai ilimin cikinsu zai ce maka sunan zauren majalisa ne a Kaduna. Sauran su ci gaba da kurɓar shayinsu. Bawan Allah ya bar danginsa, ya zo ya sha cizon sauro da zafin rana saboda mu, amma ni dai tun tasowata ban taɓa ganin ko lungu ɗaya mai sunansa a unguwar nan ba.

A Madras ta ƙasar Indiya aka haifi Lugga, wato Frederick Lugard, a 1858. Ubansa limamin coci ne na soja, don haka tausayi gado ne a gidansu. Ya yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya kai tausayin nan Afganistan, ya kai shi Sudan, ya kai shi Bama. Masu rubuta tarihinsa sun ce wata mata ce ta yaudare shi, zuciya ta ɗebe shi ya nufo Afirka yana neman inda zai jefa ransa. Ita ma matar nan muna yi mata godiya. Da ta riƙe amana, da wa zai zo ya waye mana kai?

Farkon inda aka ga hannunsa a sasanci shi ne Buganda, a watan Janairu na 1892. Kiristocin ƙasar sun rabu biyu, 'yan Katolika da 'yan Furotesta, ana ta tsuma. Lugga, da yake ba ya son ganin rigima ta daɗe, sai ya raba wa ɓangare ɗaya bindigogi, ya kuma taimaka musu da bindiga mai ruwa daga kan tudun Kampala. Kafin rana ta faɗi an daidaita. A 1894 kuma kamfanin Royal Niger ya aike shi Borgu, ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki, ya riga su da 'yan kwanaki, ya dawo da takardar yarjejeniya tsakaninsa da sarkin garin. Sarkin kuwa bai ko sa shi a ido ba. Wannan ita ce kunya irin ta manya: ka karɓi ƙasar mutum ba tare da ka ɗora masa nauyin fitowa ya gaishe ka ba.

Ranar 1 ga Janairu 1900 ya tsaya a Lakwaja, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, aka karanta cewa daga yau Arewa tana ƙarƙashin kariyar Sarauniya. Gwamnatin Ingila ta biya kamfanin fam 865,000. Ciniki ya faɗa tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa ya gamsu. Sarkin Musulmi a Sakkwato da Sarkin Zazzau a nan cikin birni ba a dame su da maganar ba, ai ba a tashin manya da sassafe a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mu Zazzagawa, a gida muka ga adalcinsa. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda ya yi suna wajen farautar bayi, ya addabi ƙauyukan Zazzau bayan Turawa sun kore shi daga garinsa a 1901. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi gudunmawa. Lugga ba ya ƙin mai neman taimako. A 1902 soja suka iso, suka kama Nagwamatse, suka ga kuma bai kamata a bar mai gida shi kaɗai cikin wannan hali ba, sai suka kafa bariki suka zauna. Shekarar ba ta fita ba Razdan Abadie, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Jimina, ya kama Kwasau aka tafi da shi Wushishi, bai sake zama a karagar Zazzau ba. Nagwamatse fa? A 1903 aka mayar da shi kan sarautarsa a Kwantagora. Wanda ya kira a kawo masa ɗauki ya rasa rawani, wanda aka zo kamawa ya koma fada ana buga masa tambari. Masu ƙaramin tunani za su ce an yi tuya an manta da albasa. Su ba su gane ba ne. Lugga ya zo yaƙi da cinikin bayi, kuma babu wanda zai taya shi wannan aiki kamar wanda ya fi kowa sanin hanyoyinsa.

A madadin Kwasau aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, aka ba shi takarda da sanda, ya yi rantsuwar biyayya. Shi ne ya yi Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ya daɗe yana yi wa Turawa aiki, shi ma daga baya aka yi masa sakayya irin tasu: aka cire shi aka kai shi Lakwaja ya huta, can ya rasu. Lugga ya riga ya bar ƙasar a lokacin, amma itacen da gwani ya dasa ba ya daina 'ya'ya don mai shi ya yi tafiya.

Wata alfarma da Zariya ta samu, wadda ba mu cika tinƙaho da ita ba, ita ce daga nan aka ɗaura ɗamarar cin Kano. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja baƙar fata fiye da 700, da igwa, da bindigogi masu ruwa. Suka bi ta Bebeji suka fasa ƙofa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Dalilin yaƙin mai ƙarfi ne: Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, aka karɓe shi. Ran Bature ɗaya, birni ɗaya. Ina wanda zai ce lissafin bai fita ba? Manyansa na Landan ma Lugga bai wahalar da su da neman izini ba, sai da shiri ya yi nisa suka tsinci labarin a jarida. Ga kuma wasiƙar nan da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa, wai babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Masu bincike irin su Muffett sun nemi asalinta na Larabci sun rasa, fassarar Turanci kawai ake da ita. Ni ban ga abin damuwa ba. Mutumin kirki maganarsa ta isa shaida.

Sojan nan kuwa da suka harba igwa a ganuwar Kano, yawancinsu Hausawa ne da Yarbawa. Da ɗan gari kan ci gari, kuma Lugga ya fahimci karin maganar nan fiye da mu da muka gaje ta. Ya samar wa matasanmu aikin yi tun kafin a san kalmar.

Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Bayan 'yan kwanaki Lugga ya tara manyan gari ya yi musu bayani dalla-dalla: Fulani da takobi suka ci ƙasar nan, yanzu an ci su da yaƙi, saboda haka naɗi da cirewa da haraji da ƙasa duk sun koma hannun Ingila, addini kuwa ba za a taɓa shi ba. Ka ji gaskiya tsirara, babu kwana-kwana. Sarkin Musulmi Attahiru da ya ƙi zama ya saurari wannan nasiha, ya kama hanyar gabas, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi dubbai. Lugga ba zai iya kallon mutane suna wahalar tafiyar ƙasa har Makka ba. Aka bi su, aka tarar da su a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, aka hutar da Attahiru da mutum fiye da 600. Waɗanda suka tsira suka dangana da bakin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau a Sudan. Ashe har ƙofar zama a ƙetare shi ya buɗe mana.

Satiru ita ce kambun aikinsa. A watan Fabrairu na 1906 talakawan wannan ƙauye da ke kusa da Sakkwato, manoma da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, suka yi tawaye da gatari da fartanya da kibau, suka kashe Turawa uku da sojansu. A watan Maris aka aika musu da amsa. Aka kashe wajen mutum 2,000, aka rushe garin, aka hana kowa sake gini a wurin. Tun daga ranar babu wanda ya sake kai ƙarar mutanen Satiru. A shekarar nan Haɗeja ma ta samu nata rabon, Sarki Muhammadu ya faɗi yana faɗa a cikin garinsa. Wani matashin minista a ofishin mulkin mallaka na Landan, mai suna Winston Churchill, ya yi ƙorafi a rubuce a kan yawan jinin da ake zubarwa a Afirka ta Yamma. Ka ji fa, Churchill! In har aikinka ya sa Churchill ya runtse ido, ai ka isa a kira ka gwani.

Bayi kuwa, waɗanda domin su aka yi duk wannan ɗawainiya, Lugga bai yi musu garaje ba. Dokarsa ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga Afrilun shekarar. Iyayensu su dakata, kada 'yanci ya zo musu ba shiri ya shaƙe su, gonakin manya kuma su zauna babu mai noma. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge ni da shi dai shi ne tsaftar hannu. A cikin akwatin ƙarfen kakana, ƙarƙashin wata tsohuwar alkyabba da asu ya cinye, akwai takardun haraji an ɗaure su da zare, sun yi ja, wasu sun manne da juna. Ya fi kula da su a kan takardar gidansa. Yakan ba mu labarin shekarar da damina ta yi gardama, aka tara waɗanda ba su biya ba a ƙofar gidan mai unguwa aka shanya su a rana, shi kuma ya sayar da akuyar kakata ya fanshi kansa. Na taɓa tambayarsa ko ya ga Baturen da ya sa a yi musu haka. Ya yi dariya ya ce wane Bature, ai ɗan doka ne, kuma ya san uban yaron. To ka ji fasaha. Lugga ya tarar da kuɗin ƙasa da jangali, ya tattara su ya tsara, gwamnati ta ware kasonta, ya ce a biya da kuɗin Turawa, wuri ya zama abin wasan yara. Mai neman sule dole ya noma auduga ko gyaɗa, ko ya tafi haƙar kuza Jos. Sarki ya matsa wa hakimi, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, tsinuwar talaka kuma ta tsaya a kan rawani, ba ta isa farar hular Razdan ba. Sai a 1979 Balarabe Musa ya zo ya soke harajin nan da jangali a Jihar Kaduna, ya raba mu da gadon da muka saba da shi.

Bayan Lugga ya je Hong Kong ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912, ya bar musu jami'a, sai ya dawo mana. Mu bai ɗora mana nauyin jami'a ba, ya san boko yana sa yaro ya raina na gaba. Su 'yan bokon Ikko da suka cika surutu a jaridu bai taɓa ɓoye ƙyamarsu ba, su ma da ya ajiye aiki a 1919 suka yi murna a fili, marasa kunya. Ranar 1 ga Janairu 1914 ya ɗaura auren Kudu da Arewa, ba a tambayi ango ba, ba a tambayi amarya ba. Baitulmalin Ingila ya gaji da cike giɓin kasafin Arewa, Kudu kuma tana da rarar kuɗin kwastan, kaso mai tsoka daga giyar da ake shigowa da ita. Ya hana a kawo mana kwalbar, ya bar mu da albarkar kuɗinta. Sunan ƙasar ma a gida aka raɗa shi: Flora Shaw, wadda ya aura a 1902, ita ta ba da shawarar a kira ta Nijeriya a jaridar Times tun 1897. Ƙanensa Edward kuma yana gefensa a matsayin sakatare. Masu cewa ɗaukar ɗan'uwa aiki ɗabi'ar baƙar fata ce, sai su ba mai ita haƙƙinsa.

Ita kanta Tudun Wadan nan 'yar wannan tsari ce. Cikin ganuwa na 'yan gari. Sabon Gari, can wajen tashar jirgi, na mutanen Kudu. Musulmin Arewa da ba Bazazzage ba, Bakano ne ko Banufe ko Babarbare, ga Tudun Wada. Turawa kuma can cikin inuwar itatuwa, da fili fetal na yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata, don kada sauronmu ya yi kuskuren cizon jinin da ba nasa ba. Kowa da akurkinsa, kamar yadda mai kiwon kaji na ƙwarai yake yi. Duk sanda gari ya rikice, ba sai an tambaya ba, kowa ya san gefen gadar Kubanni da zai gudu.

Lugga ya koma Ingila ya rubuta littafi a 1922, The Dual Mandate, inda ya bayyana cewa cin moriyar ƙasarmu da kyautata mana abu ɗaya ne. Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta sa shi cikin kwamitin da ke sa ido kada a zalunci mutanen da ake mulka, ya yi shekaru fiye da goma a ciki. A 1928 aka yi masa sarautar Lord. Ya mutu a gidansa a 1945 yana da shekara 87, bai bar ɗa ba, aka ƙone gawar, ko kabarin da za mu kai ziyara babu a ƙasar nan.

Shawarata ga dattawan unguwa ita ce a yi karo-karo a kafa masa mutum-mutumi. Kada a ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wannan raini ne. A yanka wa kowane magidanci, a ba masu unguwa su tattaro, wanda ya gaza a shanya shi a rana. Na auna da ƙafa daga Ƙofar Doka, yadi 440, kuma na ga wurin da ya dace. Yanzu dai akwai kwata da masu faci a wajen, amma ana iya tashinsu ba sai an tambaye su ba.