Yadda Ake Sayen Gida a Abare Tare da Rigimarsa

Akwai masu sayen gida don su shiga su kwanta. Ba da su nake ba, su je Allah ya ba da sa'a. Da kai nake, mai son ya sayi gida a Abare a yi masa gyara, wato a ɗora masa shari'ar da za ta riƙa kai shi Anka duk mako, ta sa ya san sunan kowane mai shayi a bakin kotu, har ta rage wa jikoki abin gado. Irin wannan rigima ba a samun ta da ka, sai an bi ƙa'ida.

Fara da dillali. Nemi wanda bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba". Kana tambayarsa zai dafa ƙirji ya ce, "Gidan ga ba shi da matsala ko ɗaya, Alhaji, ni ka hwaɗa maka." Yarda da shi. Mutumin da ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, wa ya fi shi cancantar gaya maka aibin gida? Zai kuma raɗa maka cewa wani Alhaji yana tafe daga Gusau gobe da kuɗi a but ɗin mota. Wannan Alhaji ya yi shekara da shekaru a kan hanya, har yau bai iso ba, amma kai kada ka tsaya lissafi. Zaro kafin alƙalami ka miƙa a daren nan, a zaure, fitila a kashe, daga kai sai shi sai sauro.

Yanzu ga asalin sirrin, kuma a nan nake so ka natsu: gidan gado za ka nema, wanda ba a raba ba. Ka yi ciniki da babban wa shi kaɗai, mai babbar riga da babbar murya, wanda zai ce maka, "Ni ne uba a gidan nan, duk abin da na yanke ya zauna." Kada ka kuskura ka ɗauki alƙalami ka yi lissafin da alƙali zai yi daga baya. In marigayi ya bar mata biyu da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi, matan nan za su raba tumuni, ɗaya bisa takwas. Abin da ya rage a kasa shi goma, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Rabon mai babbar murya bai kai ɗaya bisa biyar na gidan ba. Wato zaure ya sayar maka da ɗan gefen makewayi, sauran kuwa cinikin shisshigi ne, wanda malaman Malikiyya suka ce yana rataye har sai masu haƙƙi sun amince. Kai dai biya kuɗin gida sukutum.

Mata kuwa, manta da su ɗungurum. Wannan ita ce shawarar da ba ta taɓa ba mai neman rigima kunya ba. Akwai ƙanwar da aka aurar a Gummi, akwai wadda ke Bukkuyum, akwai amaryar marigayi da ta koma gidansu bayan takaba. Za a ce maka, "Ai su mata ne, ba ruwansu." Gyaɗa kai. Zamfara ce fa jihar da ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka ƙaddamar a 1999, aka soma a farkon 2000, kuma tun kafin nan alƙalan ƙasar nan suke raba gado da Risala da Muhtasar. Ta Gummi ɗin ma a garin da sarkinsa, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya riƙe muƙamin babban jojin Abuja kafin ya hau gadon sarauta a 2013 take zaune. Ka ɗauka dai ba ta taɓa jin kalmar kotu ba.

In an yi rashin sa'a matan duk sun yafe, kada ka karaya, akwai shuf'a. Abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon ya mayar maka da kuɗin da ka biya ya karɓi rabon da aka sayar maka, ko kana so ko ba ka so. A mazhabar Malik maƙwabci ba shi da wannan dama, sai mai tarayya. Wanda yake gari ya ji labari ya yi shiru har shekara ta zagayo, tasa ta wuce. Wanda ba ya nan kuwa, haƙƙinsa yana nan yana jiransa komai daɗewa. Saboda haka ka tabbatar akwai ƙanen da ya tafi ci-rani Ikko, ko ya bi 'yan haƙar zinariya zuwa Jado ta Nijar tun 2014 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Irinsu ba sa dawowa sai ka gama zuba kwano da siminti.

Maganar shaidu da takarda ba ta da wuya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, amma kai ai mutum ne mai yarda da jama'a. In dole sai an kafa shaidu, ɗauko dillalin da ƙanensa, ko tsofaffi biyu da suka ba tamanin baya, domin ranar da za a neme su a ce sai dai addu'a. Kada mai unguwa ya sani, kada hakimi ya ji, tunda su ne suka san wanda ya gina katangar da wanda ya ari filin bayanta. Takardar a yage ta daga littafin ɗan makaranta, a rubuta "na sayar masa da gidana", ba kwanan wata, ba adadin kuɗi. Iyaka kuma a ce daga bishiyar dogon yaro zuwa inda ake ɗaure jaki. Bishiya ana sare ta, jaki yana mutuwa, rigima kuwa lafiyarta lau. Lauya da safiyo, waɗanda za su rubuta yarjejeniya su auna fili su kafa siminti a kusurwa huɗu, kauce musu. Kuɗinsu yanzu kaɗan ne. Bari sai an shiga kotu, lokacin ne ake biyan lauya da buhun gero.

Wani zai ce, to in na kauce wa duk wannan, ƙasar ta zama tawa ke nan? Ina! Tun 29 ga Maris 1978, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Mu 'yan Arewa ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 kusan haka suka ce. Abin da kake saye shi ne gini da izinin zama. A wuraren da aka ayyana birni, irin Gusau, gwamna ne ke ba da satifiket, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. A ƙauye irin Abare, sashe na 21 ya mai da maganar hannun ƙaramar hukuma, wato sakatariyar Anka. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya tsallake wannan, kamar ba a yi ba ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida tsakanin bankin Savannah da wani Ajilo a Legas saboda ba a nemi yardar gwamna ba, kuma wanda ya jinginar ɗin ne da kansa ya tayar da maganar. Kotuna sun ƙuntata wannan ƙofa daga baya, amma ka ga banki guda da lauyoyinsa ya zame a nan, balle kai da takardar littafin ɗan makaranta. Don haka kada ka taka sakatariya, kada ka leƙa ofishin ZAGIS a Gusau ka tambayi ko wani ya riga ka rajista.

Dillali zai iya sassauta murya ya ce akwai zinariya a ƙarƙashin gidan, shi ya sa kuɗin ya ɗan hau. Biya ƙarin da murna. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Bango naka, ƙasa ta gwamna, zinariya ta Abuja. Sama ce kawai ba a yi wa doka mai tsanani ba, ita ma ta jirage ce.

A nan kam zan ajiye raha, domin akwai tambayar da ba a wasa da ita a Abare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a wannan yanki, a Abare da Dareta da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da sauransu, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar tana zama a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinya, ma'aikatan TerraGraphics da Blacksmith suka bi gida gida suna kankare ƙasar sama suna zuba mai tsabta. Bagega sai 2013 aikin ya kai gare ta. Duk gidan da za ka sa iyalinka a ciki, ka tambaya ko an kankare shi, ka kuma tambaya ko an sake shigo da dutse bayan nan. Wannan ba dillali ake tambaya ba, matan maƙwabta ake tambaya, su suka san gidan da turmi ya kwana yana aiki.

To, mu koma ga sha'aninmu. Akwai gidaje masu arha da masu su suka gudu Anka ko Gusau saboda 'yan bindiga, wani ya shiga yana riƙo, yanzu yana neman mai saye. Zai ce maka ya shekara goma a ciki, hauzi ya ba shi. Gaskiya ne malamai sun ce wanda ya riƙe gida shekara goma yana gini yana rushewa, mai shi yana gari yana kallo bai ce uffan ba, ba a sauraron ƙararsa. Tsakanin dangi ma sai wajen shekara arba'in. Sharaɗin shi ne shirun ya zama ba na uzuri ba. Wanda tsoro ya kora yana da uzuri, kuma aro da haya da jingina ba sa rikiɗa su zama mallaka ko an shekara ɗari. Kada ka tambayi ta wace ƙofa mai sayarwar ya shiga. Arha ce ta kawo ka.

Mai sayarwa, kai taka gajeruwa ce. Karɓi kafin alƙalami daga mutum uku, kowa ka ce masa "na sallama", sannan ka tafi Umara.

In ka bi duk wannan, saura jira. Yi fenti, sa ƙofar ƙarfe, kira malamai su yi addu'ar tarewa, a raba goro da dabino. Wata ranar da hantsi za ka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Wata baiwar Allah za ta sauko da lulluɓinta da ƙurar hanyar Gummi a ƙafa, wani saurayi na biye da ita riƙe da takarda mai hatimin kotu. Za ta gaishe ka a mutunce, ta tambayi iyali da gajiya, ta leƙa tsakar gida, sannan ta ce, "Sannu da aiki, malam. Ɗakin tsohuwarmu ne ka yi wa fenti haka?"